Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Yadda Ake Tantance Ƙaramin Kifin Duwatsun Murjani Mai Ɗigo-ɗigo

Wani dattijo a Tudun Wadan Zariya ya dawo daga Umara da hoton kifi a wayarsa. A kasuwar kifi ta Jidda ya ɗauke shi. Kifin bai kai kamu ɗaya ba, yana kwance a kan ƙanƙara, jikinsa duk ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa tun daga baki har wutsiya. Mai sayarwar ya ce masa sunansa hamur. Da ya dawo sai ya miƙa wa ɗan ƙanensa da ke karatun ilimin dabbobi a Samaru, ya ce, "Kai da kake wannan karatun, wane irin kifi ne wannan?"

Yaron ya ce, "Baffa, bari in saka shi a manhaja." Ya saka sau uku, manhajar ta ba shi suna uku daban-daban. Ya buɗe littafin da suke karatu da shi, ya ga an sa kifin a wani dangi. Ya duba intanet, ya ga an sa shi a wani dangin dabam.

Wannan ruɗani bai tsaya a kan ɗalibi ɗaya ba. Masanan kifi da kansu sun daɗe suna cakuɗa sunayen waɗannan ƙananan kifaye, har a cikin kwalaben gidajen adana samfuri. Akwai dalilin hakan, kuma akwai hanyar fita, sai dai hanyar ba ta fara da ɗigon da ido ke fara gani.

Hamur, gurufa da murjani

Abin da Larabawa ke kira hamur shi Turawa ke kira gurufa. Ba sunan kifi ɗaya ba ne, sunan taro ne mai jinsi fiye da 160. Wanda ya san giwan ruwa ya san fasalinsa: jiki mai kauri, baki mai faɗi, leɓen ƙasa ya ɗan ɗara na sama, da fiffiken baya wanda gabansa ƙayoyi ne, bayansa kuma laushi. Babbansu, Epinephelus lanceolatus, yana kai mita 2.7 da nauyin kilo 400. Waɗanda ake magana a kansu a nan su ne ƙananan, yawancinsu masu tsawon santimita 25 zuwa 40 ko kusa da haka. Mafarauta ne na kwanton ɓauna. Kifin yakan lafe a bakin rami, in ƙaguwa ko jatan lande ko ƙaramin kifi ya gifta sai ya wangame baki ya zuƙe shi ɗungurungum.

Murjani kuwa Bahaushe ya san shi a wuyan amare da kayan sarauta, ya kuma san shi a Suratur Rahman inda aka ambace shi tare da lu'ulu'u. Jan murjanin ado yawancinsa daga tekun Bahar Rum yake fitowa. Wanda ke gina duwatsun da kifin nan ke zama ɗan'uwansa ne: ƙananan dabbobi ne da ke zuba wa kansu gida na farar ƙasa mai tauri, zuriya kan zuriya, har a samu tsauni a ƙarƙashin ruwa. Duwatsun nan ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in jinsunan halittun teku suna rayuwa a cikinsu ko a gefensu. Suna son ruwa mai ɗumi, garai-garai, wanda rana ke ratsawa. Shi ya sa gaɓar tekun Najeriya, duk da tsawonta na kilomita 853, ba ta da irin waɗannan duwatsu: ruwan Neja da sauran koguna suna kwararo laka da ruwan daɗi, murjani kuma ba ya jure su.

Sunan kimiyya kalma biyu ne, a tsarin da Carl Linnaeus ya kafa wa dabbobi a 1758. A ɗauki ta farko a matsayin sunan gida, ta biyu sunan yanka. Gidaje da yawa kuma su ke haɗuwa su zama dangi.

Dalilin da littafi da intanet suka saɓa

Shekaru masu yawa ana lissafa gurufa a matsayin reshe a cikin babban dangin Serranidae. A haka kundin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 1993 ya ajiye su, wanda Phillip Heemstra da John Randall suka rubuta, suka bayyana jinsi 159 a ciki. A 2007 wasu masana biyu, Leo Smith da Matthew Craig, suka binciki ƙwayoyin gado suka ce Serranidae tarin kifaye ne da ba duka suka fito daga tsatso ɗaya ba, don haka gurufa ya cancanci danginsa, Epinephelidae. Masu goyon bayan sauyin suna cewa ya kamata suna ya bi asali. Masu jan ƙafa suna cewa kada a riƙa rushe tsarin da dokokin kamun kifi da littattafai suka ginu a kai duk lokacin da sabon bincike ya fito. Sabon tsarin ne ke ƙara karɓuwa, amma tsofaffin littattafai suna nan a ɗakunan karatu. Ɗalibin da ya rubuta ɗaya daga cikin biyun bai yi kuskure ba, muddin ya faɗi tsarin da ya bi. Sunan gida da na yanka na ƙananan kifayen nan bai canza da wannan muhawara ba.

'Yan tara masu kama ɗaya

Tushen wahalar yana nan. Heemstra da Randall sun ware jinsi tara da ke zama a ruwa marar zurfi na duwatsun murjani a tekunan Indiya da Fasifik, dukkansu 'yan gidan Epinephelus. Duk wutsiyarsu zagayayya ce. Duk jikinsu ɗigo ne ruwan ƙasa a cunkushe, da siririn layi mai haske a tsakani, kamar saƙar zuma ko idon koma. Su ne merra, hexagonatus, spilotoceps, melanostigma, quoyanus, macrospilos, faveatus, bilobatus da maculatus. Marubutan sun faɗa ƙarara cewa an sha cakuɗa su a rubuce-rubuce, kuma samfura da yawa a gidajen adana suna ɗauke da sunan da ba nasu ba.

Wanda aka fi sani shi ne merra. Wani likita Bajamushe, Marcus Bloch, ya raɗa masa suna a 1793. Ba ya cika wuce santimita 30 da 'yan kai, yana da yawa ƙwarai, kuma ana samunsa tun daga gaɓar Afirka ta Kudu har tsibiran Faransa na tsakiyar Fasifik. Saboda yawansa, hotonsa ya fi na sauran yawa a duniya, duk wanda ya ga ƙaramin gurufa mai saƙar zuma sai ya ce shi ne.

Masuncin Galma ko na madatsar Kubanni ba zai yi mamakin wannan ba. Sunan kurungu ɗaya ne a baki, amma gidan Synodontis yana da jinsi fiye da 130, da yawansu masu ɗigo. Masunci yakan raba su da tsawon gashin baki da kaifin ƙaya da launin ciki, ba da ɗigon gefe ba. Haka ake yi wa gurufa.

Inda ake dubawa, bi da bi

Tambayar farko ba ta jikin kifin ba ce: a ina aka kama shi? Wannan kaɗai yana zubar da sunaye da yawa. Merra, alal misali, ba a san shi a Bahar Maliya ba, ba a san shi a Tekun Fasha ba, haka Hawai. 'Yan taran nan babu ko ɗaya a Tekun Atlantika. Idan a yankin Karebiyan aka ɗauki hoton, to wasu sunaye ne ke takara, irin su Cephalopholis cruentata da Cephalopholis fulva da Epinephelus guttatus. Idan a yammacin Afirka ne, akwai Cephalopholis taeniops, ja mai shuɗin ɗigo, da Cephalopholis nigri wanda aka bayyana a 1859, sunansa kuma daga kogin Neja aka samo shi. Abin lura ɗaya: kifin kasuwa yana iya zuwa daga ko'ina a jirgi, don haka inda aka saya ba lalle ne ya zama inda aka kama ba.

Sai a ƙirga ƙayoyin fiffiken baya. Ana ɗaga fiffiken da yatsa, a bi ƙayoyin masu tsini ɗaya bayan ɗaya har inda laushi ya fara. Idan 11 ne, galibi gidan Epinephelus ne. Idan 9 ne, a nufi gidan Cephalopholis. Idan 7 ko 8 ne, Plectropomus ne, wanda ake kira najil a Jidda, kuma tsadarsa ta fi ta sauran. Wannan ƙirgen ba ya canzawa da fushin kifi ko mutuwarsa ko hasken kyamara, shi ya sa masana suka fi dogara da shi. A merra, bayan ƙaya 11 akwai jijiyoyi masu laushi 15 zuwa 17, fiffiken ƙasa kusa da wutsiya kuma yana da ƙaya 3 da jijiya 8. Sai dai 'yan'uwansa ma kusan haka suke, don haka ƙirgen yana kai mutum ƙofar gida ne kawai.

Sai wutsiya. Zagayayya ce kamar mafici, ko yankakkiya ce a miƙe kamar an sa wuƙa, ko tana da lauje kamar jinjirin wata? 'Yan tara duk mafici ne. Wanda wutsiyarsa ta miƙe ya fita daga cikinsu ko da ɗigonsa ya yi kama da nasu.

Bayan waɗannan ukun ne ake komawa ga ɗigo, kuma ba na gefen jiki ba, na wurare ƙayyadaddu. A merra, a dubi fiffiken gefe, wanda ke bayan kumatu: yana da ƙananan baƙaƙen ɗigo da suka jeru a kan jijiyoyin fiffiken, fatar da ke tsakaninsu kusan babu komai. Wannan ce alamarsa mafi ƙarfi. Haka kuma wasu ɗigon gefen jikinsa sukan haɗe su zama gajerun sanduna a kwance, kuma ba shi da babban baƙin tabo a gindin fiffiken baya.

A hexagonatus, ɗigon masu kusurwa shida ne sosai, kuma a kusurwoyin akwai ƙananan fararen ɗigo kamar an yayyafa gishiri. Yana da baƙaƙen tabo a jere a gadon baya, da wani tabo ruwan ƙasa-ƙasa a bayan ido. Spilotoceps yana da tabo huɗu kamar sirdi, uku a gindin fiffiken baya ɗaya a wuyan wutsiya, kuma ɗigon hancinsa ƙanana ne ƙwarai. Melanostigma tabo ɗaya tak gare shi, a gindin ƙayoyin ƙarshe. Quoyanus sai an juya shi an dubi ƙirji, inda yake da baƙaƙen zane biyu, fiffikensa na gefe kuma dogo ne. Wato dai kowanne yana da shaidarsa kamar yadda tsagar fuska ke nuna garin mutum, amma shaidar tana wurin da mai ɗaukar hoto ba ya cika nufa.

Me ya sa ɗigo ke yaudara

Gurufa yana canza launi cikin daƙiƙoƙi. Idan ya hau farin yashi sai ya koɗe, idan ya shiga rami ya yi duhu, idan ya tsorata wasu faffaɗan zane su bayyana a jikinsa su ɓace. Tabon da ake nema a gadon baya yana iya fitowa fili a hoto ɗaya ya dushe a na gaba. Ƙaramin kifi ɗigonsa manya ne kuma kaɗan, yana girma suna ƙaruwa suna ƙanƙancewa, don haka ɗa da uwa sukan yi kama da jinsi biyu. Ruwa kansa yana shanye jan launi tun daga 'yan mitoci kaɗan, kifin da yake ja wur a kan tebur sai ya fito toka-toka a hoton ƙarƙashin teku. Bayan mutuwa launi yana zubewa, gefen da ya kwanta a kan ƙanƙara ya bambanta da na sama. Samfurin da ya shekara a cikin ruwan adana kuwa, wani lokaci ƙirgen ƙaya da na ɓawo ne kaɗai ya rage masa.

Ido, waya ko ɗakin gwaji

Hanyoyi uku ne ake jayayya a kansu. Masu bin siffa suna cewa ƙirge da awo ba sa buƙatar wuta ko kuɗi, kuma da su aka raɗa sunayen tun asali, don haka duk wata hanya dole ta koma gare su. Rauninsu shi ne sai an riƙe kifin a hannu, kuma masu wannan ƙwarewa ba su da yawa.

Masu gwajin ƙwayoyin gado suna bin hanyar da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003. Ana karanta wani gajeren yanki na ƙwayoyin gadon kifin mai haruffa kusan 650, a kwatanta da rumbun bayanai. Amfaninsa babba ne, don ko yankan nama ne babu kai babu fata zai faɗi jinsinsa. Amma yana da gibi biyu. Idan wanda ya fara saka bayanin a rumbu ya yi kuskuren suna, to kuskuren zai yi ta yaɗuwa, kuma an riga an ga yadda 'yan taran nan ke ruɗa masana. Na biyu, yankin da ake karantawa daga uwa kaɗai ake gadonsa. Tun daga 2006, lokacin da Jami'ar Maleshiya ta Sabah ta haɗa auren jinsi biyu na gurufa don kiwo, irin waɗannan ruwa-biyu suka shiga kasuwannin Asiya, gwajin kuma sunan uwa kawai zai bayar.

Manhajar waya ita ce mafi sauri, kuma ga kifin da ba shi da makamanci takan dace. Amma daga hotunan da mutane suka saka wa suna ta koya, don haka takan karkata ga jinsin da ya fi yawan hoto, kuma abin da take kallo shi ne gefen jiki, wato daidai inda 'yan taran suka fi kama. Hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne a ɗauki amsarta a matsayin jerin waɗanda ake zargi, a tabbatar da ƙirge da alamomin wurare, a ajiye gwaji don inda kuɗi ko lafiya ko shari'a suka shigo.

Abin da ya shafi mai saye da mai karatu

Wani zai ce mutumin Zariya da teku ke nesa da shi ɗaruruwan kilomita, ina ruwansa. Amma kifin ƙanƙara da ake sarawa a Sabon Gari daga teku yake zuwa, kuma sunan da ke jikin kwali shi ke yanke farashi. Gurufa kifi ne mai tsada, saboda haka yana cikin waɗanda aka fi yi wa musanye idan an feɗe an cire fata. A 2013 ƙungiyar Oceana ta wallafa gwajin samfurin kifi 1,215 daga shaguna da gidajen abinci a Amurka, ta gano kashi ɗaya cikin uku sunan da aka sayar da su ba nasu ba ne. Darasin ga mai saye a ko'ina shi ne kifi mai kai da fiffike ya fi yankakke sauƙin tantancewa.

Batun lafiya ya fi wannan nauyi, musamman ga matafiya. Akwai guba mai suna siguwatera da wasu ƙananan halittu na duwatsun murjani ke samarwa. Ƙananan kifaye su ci, manya su ci ƙananan, gubar ta taru a jikin mafarauci irin gurufa. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, dafuwa ko suya ko ƙanƙara ba sa kashe ta. Tana kawo amai da gudawa da ƙaiƙayi da jin kamar ana tsira allura a leɓe da yatsu, kuma alamarta da aka fi sani ita ce mutum ya taɓa abu mai sanyi ya ji kamar yana ƙuna. Haɗarin ya danganta da jinsi da girman kifi da wurin da aka kama. Misali, Cephalopholis argus mai shuɗin ɗigo, wanda aka kai Hawai a 1956 don ya zama abinci, ya yaɗu a can amma mutane da yawa suna gudun cinsa saboda wannan guba. Wanda ya dawo daga tafiya da irin waɗannan alamu ya kamata ya gaya wa likita irin kifin da ya ci da inda ya ci.

Sai batun ɗorewar kifin kansa. Yawancin gurufa suna fara rayuwa a matsayin mata, idan sun girma wasu su juya su zama maza. Masuncin da ke zaɓar manya yana kwashe maza ne ba tare da ya sani ba. Jinsuna da yawa kuma suna taruwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya don yin ƙwai, abin da ke sa a iya kwashe su cikin 'yan kwanaki. Haka ta faru da Epinephelus striatus na Karebiyan, wanda yanzu yake matakin haɗari mafi tsanani a jerin Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, alhali merra yana cikin waɗanda ba a damu da su ba. Idan jami'in ƙididdiga ya rubuta "hamur" ko "gurufa" kawai, yawan wanda ke da yawa zai rufe ƙarewar wanda ke ƙarewa. Mutanen Senegal sun ga haka da Epinephelus aeneus, wanda suke kira cof, kifin da suka fi so a shinkafarsu, da ya yi ƙaranci ya yi tsada saboda yawan kamu.

Ga ɗalibi kuwa, ko zai ƙare a Cibiyar Binciken Teku da ke Legas ko ta kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, aikin ɗaya ne. Idan zai ɗauki hoton samfuri, ya kwantar da shi gefen hagunsa na sama, ya baza fiffike da allura, ya ajiye ma'auni a gefe, ya ɗauki kai da ƙirji da fiffiken gefe daban, ya rubuta wuri da rana kafin launi ya zube.

Komawa ga hoton Jidda

Da aka bi waɗannan matakai a kan hoton dattijon, sunan farko da manhaja ta bayar, merra, ya faɗi tun a tambayar farko idan kifin na Bahar Maliya ne. Fiffiken bayan a kwance yake, ƙaya ba ta ƙirguwa. Amma da yaron ya faɗaɗa hoton da yatsu biyu, wutsiyar ta fito fili: a miƙe take, ba mafici ba, da siririn farin layi a bakinta. Wannan ya fitar da 'yan tara gaba ɗaya, ya nuna Epinephelus areolatus, wanda sananne ne a Bahar Maliya, ko wani ɗan'uwansa da ke da irin wannan wutsiya amma ɗigonsa sun fi ƙanƙanta da cunkushewa. Abin da ke raba su shi ne girman ɗigo. A areolatus manyan ɗigon sun kai girman baƙin ƙwayar idon kifin, kuma haka suke a hoton.

Yaron ya ce, "Baffa, in Allah ya sake kai ka, ka roƙi mai kifin ya ɗaga maka fiffiken baya kafin ka ɗauka."